Ruwan Jakara da Lambunan Fagge da Sabon Gari

Tun zamanin da, Kanawa ba su ɗauki dattin birni abin zubarwa ba. Manoman karkara sukan shigo da jakuna ɗauke da itace, su koma da mangaloli cike da taki. Wannan al'ada ce ta riƙe ƙarfin gonakin da ke kewaye da birni, kuma a kanta noman rani na bakin rafin Jakara ya ginu.

Jakara ta taso ne daga cikin birni, ta ratsa gefen Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya kafa, sannan ta bi ta Fagge da Sabon Gari. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai waɗannan unguwanni suka bunƙasa, ruwan wanke-wankensu ya riƙa gangarawa cikinta. Daga baya Abbatuwa, babbar mayankar da ke Fagge, ta ƙara mata ruwan jini da na wankin tumbi. Ta haka rafin ya sami ruwa ko da tsakar rani, ruwan kuwa ɗauke da taki. Masu lambu a Kwakwaci da Gama suka dogara da shi wajen noman latas da kabeji da karas da alayyahu.

Al'amarin ya sauya sa'ad da masana'antu suka yawaita a Bompai. Rafin Getsi ya riƙa kwaso ruwan majemu da masaƙu yana juyewa a Jakara, har zuwa madatsar Wasai da aka gina a 1976. Ruwan mayanka, in an bar shi ya kwanta a tafki kafin ban ruwa, ƙwayoyin cutarsa suna raguwa, takinsa kuwa ya amfani ƙasa. Amma sinadarin kuromiyam na jima ba ya ruɓewa. Yana taruwa a ƙasa, ya shiga ganye, ya isa akushin mai ci.

Saboda haka korar manomi daga bakin rafi ba magani ba ce, domin nan abincinsa yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a ƙa'idodinta na 2006, tacewa da kiyayewa ta nema. Aikin da ke gaban hukuma shi ne raba ruwan abinci da ruwan guba tun daga bakin magudanar kowace masana'anta.