Yadda Iskar Masai Ta Shiga Binciken Tsufa

A shekarar 1700 likitan Italiya Bernardino Ramazzini ya wallafa littafinsa kan cututtukan ma'aikata, inda ya bayyana yadda idanun masu yasar masai ke ja da raɗaɗi, har wasunsu su makance. Abin da ke cutar da su shi ne iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, hayidirojin salfayid, wadda masanin sinadarai Carl Wilhelm Scheele ya gano abin da ta ƙunsa a 1777. Fiye da ƙarni biyu bayan haka likitoci ba su san ta da komai ba sai guba, domin idan ta yi yawa takan hana ƙwayoyin jiki amfani da iskar oksijin.

Labarin ya sauya a 1996, lokacin da Kazuho Abe da Hideo Kimura suka nuna cewa ƙwaƙwalwa da kanta tana samar da wannan iska ƙanƙanuwa, kuma tana taimaka wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa wajen isar da saƙo. A Kanada kuwa, tawagar Rui Wang ta gano cewa tana sassauta jijiyoyin jini, sannan a 2008 ta nuna cewa ɓerayen da aka cire musu ƙwayar halittar da ke samar da ita sun kamu da hawan jini.

Daga nan masu binciken tsufa suka fara sha'awarta. Tun 1956 Denham Harman ya yi hasashen cewa tsufa na da nasaba da ɓarnar da wasu ɓurɓushin oksijin ke yi wa ƙwayoyin jiki a hankali, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. An gano cewa salfayid yana manne wa wasu furotin, ya kare su daga irin wannan ɓarna. A 2007 ɗakin binciken Mark Roth da ke Siyatil ya nuna cewa ƙananan tsutsotsi da aka raina cikin ɗan salfayid sun fi takwarorinsu daɗewa a raye. A 2015 masu bincike a Jami'ar Harvard suka nuna cewa amfanin da rage cin abinci ke yi wa ɓeraye ya dogara da ƙaruwar wannan iska a jikinsu.

Sai dai akwai abin taka tsantsan. A 2005 Roth ya jefa ɓeraye cikin wani irin dogon barci da wannan iska, zafin jikinsu ya sauka, suka farka lafiya. Amma da aka gwada a kan tumaki, ba a ga haka ba. Har yau babu maganin salfayid da aka amince yana jinkirta tsufan ɗan Adam, kuma tazarar da ke tsakanin adadin da ke amfani da wanda ke kisa ƙarama ce ƙwarai. Ita ce iskar da har yanzu ke kashe masu shiga rijiya da masai ba tare da kariya ba.