Manna Ba Ta Kwana: Niyya da Aikin Yau a Rayuwar Kirista

Yawancinmu masu bi muna ɗaga bautar Allah ta gaske zuwa wani lokaci mai zuwa: in an gama karatu, in an aurar da yara, in an ajiye aiki. Hujjar wannan maƙala ita ce Littafi Mai Tsarki bai ba mu damar wannan ɗagawa ba. A Fitowa sura 16, an umarci Isra'ilawa su ɗebi manna ta yini guda kawai. Waɗanda suka ɓoye saura sun wayi gari ta yi tsutsa tana wari. Ranar shida ce kaɗai aka yarda a ɗebi ninki biyu saboda Asabar.

Misalin da ya fi fito da wannan darasi na bauta wa Allah a yau fili shi ne Nikolas Herman, ɗan yankin Loren na Faransa ta yau, wanda duniya ta sani da Ɗan'uwa Lorans. Ya yi soja a Yaƙin Shekara Talatin, ya fita da rauni a ƙafa, daga baya ya shiga gidan zuhudu na Karmel a birnin Paris. Ba firist ba ne, ba shi da zurfin ilimi. Madafa aka tura shi, aikin da ransa bai so ba, ya yi shekara goma sha biyar tsakanin tukwane da hayaƙi da masu kira ta ko'ina. Da ƙafar ta matsa masa, aka mayar da shi gyaran takalma. Bayan rasuwarsa a 1691, wani mai suna Joseph de Beaufort ya tattara wasiƙunsa da hirarrakinsa, har yau ana karanta su. Abin da ya koyar gajere ne: kafin ya ɗora tukunya yakan miƙa aikin ga Allah, yana cikin yi yana magana da shi, in ya gama ya duba inda ya gaza, ya nemi gafara, ya ci gaba ba tare da dogon cin rai ba. Wannan na ƙarshe ya fi taɓa ni, domin baƙin cikin jiya yana cinye yini kamar yadda fargabar gobe take yi.

Za a ce wannan koyarwa tana iya kashe zuciya, mutum ya daina tanadi. Zargin yana da tushe, gama an ga haka a ikkilisiyar Tasalonika, inda wasu suka zauna ba aikin fari ba na baƙi, har Manzo Bulus ya tsawata musu, ya tuna musu yadda shi kansa ya yi aiki dare da rana a cikinsu. Sai dai Lorans bai zauna ba. An taɓa aikensa yankin Bagandi sayo ruwan inabi na gidan zuhudun, yana gurgu, ba ya iya tafiya a cikin jirgin ruwan da ya ɗauko kayan sai ya mirgina a kan ganguna, kuma ya dawo da kayan.