Daga Maƙeran Liruwe Zuwa Kujerar Farfesa

Kafin wani Bature ya taka tsaunukan Jos da guduma da madubin duba dutse, mutanen Liruwen Kano da Liruwen Dalma sun riga sun san kuza. Suna wanke yashin rafi, baƙin tsakin mai nauyi ya kwanta a gindin ƙwarya, su narka shi a murhun yumɓu, su zuba ruwan ƙarfen cikin siraran ramuka ya daskare kamar tsinke. Fatake ne ke kai waɗannan tsinkaye kasuwanni, kuma a hannunsu ma'aikatan Kamfanin Neja suka gan su. A 1902 kamfanin ya tura George Nicolaus ya binciko tushensu, a shekarar da ta biyo kuma Henry Laws ya hau tsaunin da rakiyar sojoji. Kamfanoni suka mamaye rafukan, sana'ar maƙeran Liruwe ta durƙushe.

Ilimin duwatsu na boko a Arewa ta wannan ƙofa ya shigo: neman kuza. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa tawagar binciken ma'adinai a 1904, kuma cikinta akwai wani matashi ɗan Sukotland, John Falconer, wanda ya yi shekaru biyar yana ratsa ƙasar a ƙafa da bisa doki. A 1911 ya fitar da littafinsa kan duwatsu da yanayin ƙasar Arewacin Najeriya, ya koyar a Jami'ar Glasgow, sannan ya dawo ya zama shugaban farko na Hukumar Binciken Duwatsu ta Najeriya da aka kafa a 1919, wadda daga baya ta yi mazauni a Kaduna. Shi ne ya lura cewa duwatsun da ke ɗauke da kuza ba sa'annin tsofaffin duwatsun da ke kewaye da su ba ne, ƙannensu ne nesa ba kusa ba.

Wannan lura ta ciyar da masana da yawa. A 1958 Jacobson da MacLeod da Russell Black suka nuna cewa tsaunukan nan a zagaye suke kamar zobe, saura ne na duwatsu masu aman wuta da suka mutu tuntuni. Black ya bi sahunsu har ƙasar Abzin a Nijar. Daga nan masu auna sinadaran dutse suka karɓa. Peter Bowden na Jami'ar St Andrews da abokan aikinsa suka niƙa samfura, suka auna sinadaran da ke rikiɗa sannu a hankali cikin dutse, suka gano abin mamaki: duwatsun Abzin sun haura shekara miliyan 400, na Jos suna wajen miliyan 160, na Afu a Jihar Nasarawa kuwa wajen miliyan 140. Wato duk yadda aka gangaro kudu, shekarun raguwa suke yi. Judith Kinnaird ma ta yi nazarin jijiyar kuza ta Riruwai, wato Liruwen Kano, inda maƙeran dā suka yi zamaninsu, kafin ta zama farfesa a Afirka ta Kudu.

To ina 'yan ƙasa? An daɗe ana barinsu da ɗaukar kwano da jakar samfur. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ma tilas aka kwaso dubban talakawa zuwa ramukan kuza, da yawa suka mutu saboda sanyi da cuta. Sai a 1966, shekara sittin da biyu bayan tawagar farko, Mosobalaje Oyawoye, ɗan garin Offa wanda ya yi digirin digirgir a Durham, ya zama farfesan ilimin duwatsu a Jami'ar Ibadan, ɗan Najeriya na farko da ya hau wannan kujera. Aikin da ya fito da shi a Arewa ya yi shi: wani dutse mai duhun kore da ke kewayen Bauchi, wanda Falconer ya taɓa gani. Oyawoye ya tantance shi, ya raɗa masa sunan garin, kuma da sunan Bauchi masana ke kiransa har yau. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe nata sashen, inda J.B. Wright da D.C. Turner suka horar da ɗalibai, Jos da sauran jami'o'i suka biyo baya.

Kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, ta bar wa Filato ɗaruruwan kududdufai. Amma buƙatar mai auna dutse ƙaruwa ta yi. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, masu neman zinariya suna daka dutse a cikin gidaje, ba su san yana cike da dalma ba. Yara fiye da 400 suka rasu. Awon da zai nuna wannan guba bai fi ƙarfin ɗakin gwajin jami'a ba, in dai an sa masa kayan aiki an kuma biya malamansa. Ya kamata gwamnatocin jihohin da ake haƙar ma'adinai su tura masanan jami'o'insu su auna dutsen kowane sabon rami tun kafin a kai shi turmi.