Ciwon gwiwar hannu na ma'aikatan biro: abin da ke kawo shi da yadda ake magance shi

Likitoci na kiransa épicondylite da Faransanci, wasu kuma su ce ciwon ƴan wasan tanis. Sunan na ruɗarwa, domin mafi yawan masu fama da shi ba su taɓa riƙe sandar tanis ba. Likitan nan Bajamushe Runge, wanda ya bayyana ciwon a 1873, ya danganta shi ne da aikin rubutu. A Gaya, inda aikin duwan da na masu fitar da kaya ya tara jama'a gaban kwamfuta suna shigar da takardu cikin tsarin SYDONIA, ga kuma ma'aikatan banki da na kamfanonin aika kuɗi, duk mai wuni a kan tebur na iya gamuwa da shi.

Jijiyoyin da ke ɗaga wuyan hannu da yatsu sun haɗu ne a ɗan ƙashin da ya turo ta wajen gwiwar hannu. Idan mutum ya yi ta maimaita motsi ɗaya, kamar danna linzamin kwamfuta ko buga hatimi, wuyan hannu kuma a tanƙware sama, sai jijiyar ta yi ta samun ƙananan raunuka ba ta da sararin warkewa. Zafin yakan fara a wannan ƙashi ya gangaro damtse. Ana jinsa wajen musabaha, ɗaukar buta, murɗa makulli ko matse wanki. Yana kama mutum 1 zuwa 3 cikin 100 na manya, galibi tsakanin shekara 35 da 55. Teloli, kafintoci da mata masu daka ma ba su tsira ba.

Gyara yakan fara ne daga tebur. A yawancin biro-biro namu tebur ya yi tsawo, kujera ta yi ƙasa, sai hannu ya wuni a rataye. Abin da ake so shi ne gwiwar hannu ta tsaya kusa da jiki, a lanƙwashe daidai kusurwa, damtse ya kwanta kan tebur, wuyan hannu a miƙe. In kujera ba ta ɗaguwa, matashi ya isa, a sa ɗan katako ƙarƙashin ƙafa. A jawo linzami kusa, a riƙe shi sako-sako, a kuma huta minti biyu ko uku duk rabin awa. Mai ɗaukar tarin takardu ya ɗauka tafin hannu na kallon sama.

Sai motsa jiki, wanda shi ne aikin likitan gashi, wato kine. Atisayen da aka fi bayarwa ba ya buƙatar na'ura. A ɗora damtse kan tebur, tafi na kallon ƙasa, hannu ya zarce bakin tebur riƙe da gorar ruwa ta rabin lita. A ɗaga shi da taimakon ɗaya hannun, sannan a sauke shi a hankali cikin daƙiƙa huɗu ko biyar. Sau 10 zuwa 15, zagaye uku, kullum, har tsawon wata uku. Ɗan zafi ba laifi. In ya tsananta ko ya kwana, a rage nauyi. Ɗamarar da ake ɗaurawa ƙasa da gwiwar hannu na rage zafi lokacin aiki, amma ba ita ke warkarwa ba.

Maganar allura ce ke buƙatar natsuwa. Wani bincike da aka yi a ƙasar Holan, mujallar The Lancet ta buga a 2002, ya kwatanta hanyoyi uku. Bayan mako shida, kashi 92 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allurar kotizon sun ji sauƙi, na gashi kuwa kashi 47. Da shekara ta zagayo lissafi ya juye: masu allura kashi 69, masu gashi kashi 91, waɗanda aka ba shawara kawai suka jira kashi 83. Ma'aikacin da ke gudun rasa kwanakin aiki zai so allura, sai dai ciwon yakan dawo masa. Haka ma ƙwayoyin diclofenac da ake saya a bakin tasha: shansu mako bayan mako na iya ɓata ciki da ƙoda, na shafawa ya fi sauƙin haɗari. Zuwa wurin mai ɗori ko yin tsaga ba shi da amfani, tunda ƙashi bai karye ba.

A nufi asibitin Gaya ba tare da jinkiri ba idan gwiwar ta kumbura ta yi ɗumi, ko da zazzaɓi, ko yatsu na mutuwa, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa daga babur. Haka kuma in an yi mako shida ana gyara ba canji. Daga nan ne ake tura mutum babban asibitin jiha a Dosso, ko kuma Yamai, in ana buƙatar ƙarin bincike.