Gilashi mai ruɓi biyu ko ledar taga: wanne ya fi tare zafi?

Gilashi mai ruɓi biyu gilasai biyu ne da aka bar tazarar milimita 12 zuwa 16 tsakaninsu, cike da busasshiyar iska ko iskar argon. Yana rage zafin da ke ratsa taga da kusan rabi. An fi amfani da shi a Turai, don kada ɗumin ɗaki ya tsere lokacin sanyi.

A Yamai ko Maraɗi matsalar daban ce. A watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, hasken rana ne ke dafa ɗaki. Gilashi guda yana barin kusan kashi 85 cikin 100 na ƙarfin rana ya shigo, mai ruɓi biyu na gama-gari kuwa kusan kashi 75. Wannan ɗan bambancin bai cancanci tsadarsa ba, sai in an yi masa shafe na musamman mai mayar da rana.

Ledar taga siririya ce, ana manna ta a gilashin da ke akwai, kuma ta fi arha nesa. Mai ƙyalli tana tare fiye da rabin ƙarfin rana. Sai dai tana rage hasken ɗaki, ba ta hana zafin iskar waje ratsowa, kuma leda mai duhu kan iya tsaga gilashi mai ruɓi biyu.