Shaihu Umar a Dandali: Asalinsa da Waɗanda Suka Gina Shi

Manazarta adabin Hausa sun saba jingina Shaihu Umar ga Abubakar Tafawa Ɓalewa shi kaɗai. Wannan daidai ne dangane da ƙagaggen labarin da ya rubuta domin gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Amma wasan kwaikwayon da aka fitar daga labarin aikin hannu fiye da ɗaya ne.

Irin wannan haɗin gwiwa tsohon abu ne a manyan wasannin dandali. A Faransa ta ƙarni na 19, Eugène Scribe yakan tsara kalmomi, Giacomo Meyerbeer ya ɗora musu kiɗa. Wasansu na ƙarshe, L'Africaine, labarin wata sarauniya da aka bautar, an fara nuna shi a Paris a 1865, alhali dukkansu biyu sun riga sun mutu. Haka Tafawa Ɓalewa, wanda aka kashe a Janairun 1966, bai ga Umar a dandali ba.

Waɗanda suka ɗauki nauyin aikin su ne Umaru Ladan da Dexter Lyndersay, mutumin Tirinidad masanin fasahar dandali. Kamfanin Longman ya buga wasan nasu da Turanci a 1975. Matsalar da suka fuskanta ta tsari ce. A littafi, malamin yana zaune a Rauta yana ba almajiransa labari cikin natsuwa, har ɗacin bauta ya kan ɓuya a bayan haƙuri da tawakkali. Dandali kuwa ba ya yarda da wannan sassauci. Dole mai kallo ya ga ayarin bayi yana keta Sahara, ya ga uwar da ta fita neman ɗanta ita ma an sayar da ita, ta rasu jim kaɗan bayan sun sadu. A nan ne masu wasan suka ƙara wa labarin nauyin da marubucin ya rage.

Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976, Ladan ya fito a matsayin Shaihu, aka nuna shi a bikin FESTAC na 1977. Fim ɗin ya daɗe ba a jin ɗuriyarsa, sai da aka gano faifansa, aka gyara, aka nuna a Balin a 2018.