SUNAN ZURI'A DA SHAIDAR JINI: MISALIN IRLANDA DA TSIBIRIN MAN

1. Gabatarwa

Sunan mutum kalma ce, saboda haka nazarinsa ya shafi masanin harshe kamar yadda ya shafi masanin tarihi. A ƙasashen da suna yake bin zuri'a daga uba zuwa ɗa, an daɗe ana ɗauka cewa duk masu suna ɗaya tsatsonsu ɗaya. Tun daga shekara ta 2000 aka sami hanyar gwada wannan zato, watau binciken ƙwayar halitta da ake kira DNA, ko ADN a Faransanci. Wannan maƙala za ta duba abin da binciken ya nuna game da sunayen Irlanda da na Tsibirin Man, wani ɗan tsibiri da ke cikin teku tsakanin Irlanda da Ingila.

2. Ginin sunayen

Irlanda tana cikin ƙasashen Turai na farko da suka mai da suna abin gado, tun wajen ƙarni na 10. A harshensu na Gelik ana gina sunan da ɗayan kalmomi biyu: Mac, watau ɗa, kamar "ɗan" da ke cikin Usman ɗan Fodiyo, ko kuwa Ó, watau jika. Bambancin shi ne, a can sunan ya daskare, tattaɓa-kunne yana amsa shi kamar yadda jika ya amsa. O'Brien ya samo asali daga sarki Brian Boru, wanda ya mutu a yaƙin Clontarf a 1014. O'Neill kuwa daga Niall Glúndub, wanda aka kashe a 919.

Harshen Tsibirin Man ɗan'uwan na Irlanda ne, amma tsibirin ya zauna a hannun mutanen Skandinabiya har zuwa 1266, lokacin da Norwe ta sallama shi ga Sikotland. A bakin mutanensa kalmar Mac ta zaizaye, baƙinta na ƙarshe kaɗai ya rage, ya manne wa sunan uban. Shi ya sa sunayen tsibirin da yawa suke farawa da C, K ko Q: Clucas ɗan Lucas, Quilliam ɗan William, Kermode ɗan Diarmaid, Corkill ɗan Thorkell. Wannan na ƙarshe gauraye ne, kansa Gelik, jikinsa na Skandinabiya. A. W. Moore a 1890 da J. J. Kneen a 1937 sun tsara waɗannan sunaye ta hanyar nazarin harshe da tsofaffin takardu kaɗai.

3. Yadda gwajin yake

Kowane namiji yana ɗauke da kuromozom Y, wanda ya gada daga ubansa, uban kuma daga nasa uban, watau ta hanyar da sunan zuri'a yake bi. Jefi-jefi wani ɗan canji yakan auku a cikinsa, ya zama tambari a kan duk zuri'ar da ta biyo baya. Idan aka gwada yawun maza biyu aka ƙirga bambancin tambarinsu, ana iya ƙiyasta nisan kakan da ya haɗa su. Bryan Sykes na Jami'ar Oksfod ya fara jarraba wannan da sunansa a 2000, ya tarar kusan rabin masu sunan Sykes da ya gwada tambarinsu ɗaya.

4. Sakamako a Irlanda

A 2006 Brian McEvoy da Daniel Bradley na Kwalejin Trinity ta Dablin sun gwada maza 1,125 masu sunaye 43. Sun tarar sunaye iri biyu ne. Akwai irin su O'Sullivan da Ryan, waɗanda babban kaso na masu amsa su ya fito daga kaka guda. Akwai kuma irin su Murphy da Kelly, mafiya yawa a ƙasar, waɗanda kakanninsu suna da dama. Dalilin a harshe yake: Murchadh da Ceallach sunayen yanka ne ruwan dare a zamanin da, sai gidaje daban-daban suka gina sunansu a kansu ba tare da wata dangantaka ba.

A wannan shekarar kuma masanan kwalejin suka gano wani tambari da kimanin kashi 21 cikin 100 na mazan arewa maso yammacin ƙasar suke ɗauke da shi. Ya fi yawa cikin sunaye irin su Gallagher, Doherty da O'Donnell, waɗanda littattafan salsala suka jingina ga gidan sarautar Uí Néill da kakansu Niall Noígíallach na wajen ƙarni na 5. Abin lura a nan shi ne, gwajin ya tabbatar da kaka guda, amma bai faɗi sunansa ba. Sunan daga rubutu ya fito.

Wani binciken na 2006 ya duba ƴan Irlanda masu sunayen asalin Skandinabiya, ya tarar jininsu bai bambanta sosai da na maƙwabtansu ba. Ke nan aron suna aka yi, kamar yadda harshe yake aron kowace kalma.

5. Sakamako a Tsibirin Man

A 2010 John Creer ya fara gwajin tsofaffin gidajen tsibirin, waɗanda sunayensu suka bayyana a littattafan harajin ƙasa na 1511 da 1515. Ya tarar kimanin kashi ɗaya cikin huɗu nasu asalin Skandinabiya ko arewacin Turai ne ta wajen uba, saura kuwa daga Irlanda, Sikotland da sauran Birtaniya. Harshen Skandinabiya ya ɓace a tsibirin tun da daɗewa, jikokin masu shi suka koma Gelik, suka gina sunayensu da Mac. Daga baya Gelik ɗin ma ya ja baya a gaban Ingilishi, har wanda aka ɗauka shi ne na ƙarshe cikin masu jinsa tun daga shan nono, Ned Maddrell, ya mutu a 1974.

6. Kammalawa

Abubuwa da dama suna raba suna da jini: riƙon ɗan wani, haihuwa a wajen aure, ɗaukar sunan ubangida, da kuma hukunci. A 1465 wata doka ta tilasta wa ƴan Irlanda mazauna kewayen Dablin su ɗauki sunan Ingilishi na gari, ko launi, ko sana'a. Masu Mac Gabhann, watau ɗan maƙeri, da yawa sun koma Smith ta hanyar fassara. Akawun da bai san Gelik ba yakan rubuta sunaye biyu da siffa ɗaya, ko ya raba suna ɗaya gida uku.

Saboda haka suna da jini shaidu biyu ne, kowanne da iyakar abin da ya gani. Jini yana nuna wanda ya haifi wani. Suna yana nuna harshen da aka yi magana da shi, da mai mulki, da hannun da ya riƙe alƙalami. Inda suka saɓa, nan ne mai bincike ya fi samun aiki, kuma ba ya iya warware shi sai ya san ainihin lafazin sunan kafin a rubuta shi.